Kujerar Ƙarƙashin Kwando

Shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato, kowa a Yelwa ya sami abin fata. Malaman makaranta suna hangen kujerar darakta, direbobi suna hangen sababbin motoci. Ni abin da nake fata ɗaya ne: kada kowa a Birnin Kebbi ya ji labarin Surajo.

Sunana Ladan. A lokacin ni ne kocin Giwan Ruwa, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Yelwa. Kada a ɗauka wasan yara ne. Dillalan kifi ke biyan 'yan wasa duk wata, muna da riguna masu lamba, muna da usur har biyu. Filinmu daɓen siminti ne da magina suka bari tun lokacin da aikin dam, madatsar ruwa, ya tashi ƙauyuka. Da safe mata su shanya shinkafa a kai, da la'asar mu share mu yi wasa. Abin da ya sa na zama koci shi ne na taɓa yin kwas a Zariya na dawo da littafin dokoki. Tsayina bai kai kafaɗar mafi gajarta a yarana ba, kuma ban taɓa jefa ƙwallo ta shiga kwando a gaban shaidu ba. Amma ina da murya. Idan na zagi yaro a fili, masunta a tsakiyar ruwa sukan ɗaga kai su duba ko da su ake.

Surajo ɗan masunta ne daga wajen Shanga. A cikin kwale-kwale na fara ganinsa, yana tsaye yana watsa birgi, tarun nan ya buɗe a sama ya sauka daidai inda yake so. Hannun da ya saba da wannan, kwando ba ya ba shi wahala. Na ba shi lamba tara, na sa masa suna Gora saboda tsayinsa da rashin namansa. Ni da shi zagi ne gaisuwarmu.

"Gora, kai mutum ne ko turken tanti? Ka motsa mana."

"Koci, zo ka gwada muna yadda aka yi. In ka taɓo ragar, na ba ka takalmina."

Sai jama'a su yi dariya, shi kuma ya juya ya jefa daga tsakiyar fili ta shiga. Ban taɓa jin daɗin aiki da mutum kamar shi ba.

Ba a daɗe ba abin da nake tsoro ya sauka daga mota, da tabarau da 'yar jaka. Sabuwar jiha tana haɗa ƙungiyarta, shi aka aiko ya zagaya. Ya kalli wasa ɗaya, ya nemi shugabanmu, Alhaji Sahabi, ya ce a ba shi mai lamba tara. Zai ba mu 'yan wasa biyu da sababbin riguna, Surajo kuma ya sami aikin gwamnati.

Kwamiti ya zauna a rumfar Alhaji, tsakanin kwandunan bandar kifi.

"Biyu a kan ɗaya," in ji Alhaji Sahabi. "Ni tun da nike kasuwa ban taɓa ƙin wanga ciniki ba."

"Alhaji, karfasa biyu za su aje maka su ɗauki giwan ruwa."

"Na ji. To da mi za ka ɗaure shi? Yaro ya ji aikin gwamnati."

A nan ne hikima ta zo mini. Har yau ina tuna yadda na gyara zama kafin in faɗa, don in ba mutane lokacin shiryawa.

"Aure. Gwauro jakarsa kawai zai ɗauka ya hau mota. A yi masa mata nan Yelwa. 'Yar Yelwa ba ta barin innarta ta tafi Birnin Kebbi, garin da darakta ke kwana a ofis don rashin ɗaki."

Aka fara gyaɗa kai a rumfa. Wani dattijo ya ce dama ya san karatun Zariya ba banza ba ne. Daɗi ya ɗebe ni. Na ce su ɗauki nauyin biki, ni kuma in ɗauki nauyin neman. Duk gidan da yaron ya nuna, ni zan je in durƙusa gaban uban yarinya, ba zan tashi ba sai ya ce ya bayar.

"Ko ɗiyar wa ce?" in ji Alhaji.

"Ko ɗiyar wa ce."

Aka shafa fatiha a kai, aka aika a kirawo Surajo. Ya zo da gumin wasa, aka yi masa bayani. Na zaci zai yi dariya ya ce Koci ya fara tsufa. Sai na ga ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da yatsan ƙafa. Alhaji ya tambaye shi ko akwai wadda yake so. Ya ce akwai. Aka ce ya faɗa. Ya ce ba zai iya faɗa a nan ba.

"Kai Gora, yau kuma kunya? Faɗi mu ji wane marar sa'a ne zai haɗa iri da kai."

Ya matsa ya raɗa wa Alhaji a kunne, ya fita da sauri har ya manta takalminsa. Alhaji Sahabi ya daɗe yana kallona. Kafaɗunsa suka fara rawa. Ya dafa kwandon banda don ya tsaya, kwandon ya kife.

"Malam Ladan," ya ce yana share hawaye, "Allah ya yi maka tahiyar da sauƙi. Ba sai ka shiga mota ba. Ka koma gida ka sami madubi ka durƙusa."

Ban san tsawon lokacin da na yi baki buɗe ba. An ce ƙuda ya shiga ya fito.

A cikin 'ya'yana mata ɗaya ce ta isa aure, 'yar farina. Ban taɓa kiran sunanta da bakina ba, rubutawa ce zan yi: Zulai'atu. Ta gama kwalejin horon malamai tana koyarwa a firamare, kuma a sanina babu abin da ya dame ta sai alli da littafi. Na isa gida na sami uwarta, Ladidi, tana gyaran kifi. Na ce mata yau na ji abin da ya fi ƙarfin kunnena.

"Na Surajo? Ai ko awakin unguwa sun sani."

"Kin sani?"

"Kifin da kake ci tun bara kana sa wa yaron albarka, ka zaci don iya zaginka yake kawo shi?" Ta ci gaba da kankare kifin. "An ce ka yi alkawarin durƙusa wa uban yarinya. Ka bari in kira maƙwabta, muna son mu ga yadda za ka yi."

Na tambayi yarinyar ta bakin uwarta, amsa ta dawo tun kafin tambayar ta gama fita. Aka ɗaura aure bayan ƙaramar salla. Dillalan kifi suka yi biki na gani na faɗa. Ni kuwa na lallashi kaina da cewa ko ba komai dabara ta ci: Surajo ya zauna, kuma yanzu a hannuna yake ciki da waje.

Ranar da ya dawo atisaye bayan biki, ina tsaye tsakiyar fili da usur a baki na hango wani dogon mutum cikin dogon wando da jamfa mai dogon hannu. Ya tsaya a bakin daɓe, ya cire takalmi, ya durƙusa.

"Baba, barka da yamma."

Na waiga in ga wane Baba ne ya zo kallo. Babu kowa a bayana sai kwando.

Yara suka tsaya cak. Na buɗe baki in ce Gora, kalmar ta ƙi fita. Mijin 'yar fari ne. Sunansa na yanka ma ya yi mini nauyi, balle na zagi. Abin da na iya cewa shi ne, "Mai lamba tara, a tashi."

Ya tashi, amma idonsa bai bar ƙasa ba. Duk wanda ya san wasan nan ya san kwando a sama yake.

Na zaci abin na mako ɗaya ne. Sai muka karɓi baƙi daga Zuru, fili ya cika har kan katanga. Surajo ya shigo da dogon wando, ya ce wa kyaftin ba zai bar cinya a waje gaban Baba ba. Ba ya tsalle, don tsalle buɗe ƙafa ne. Ba ya shan ruwa lokacin hutu, don ba a ci ba a sha gaban suruki. Can cikin wasa ya sami ƙwallo, hanya a buɗe, babu kowa tsakaninsa da kwando. Tsohon hali ya motsa mini, na daka tsawa: "Mai lamba tara!"

Ya tsaya yana cikin gudu, ya juyo, ya durƙusa da ƙwallo a hannu.

"Na'am, Baba."

Alƙalin wasa ya sa usur a baki ya kasa hurawa. Ya zo ya tambaye ni ko a littafina na Zariya akwai hukuncin wannan. 'Yan Zuru, mutanen kirki, suka jira ya tashi kafin su karɓe ƙwallon. Suka ci mu cin da ban taɓa ganin irinsa ba.

Babu abin da ban gwada ba. Na koma bayan zana na huda ta ina leƙe, amma ya san tarina. Na daina magana da shi kai tsaye, sai in ce wa kyaftin, "A gaya wa wancan ya koma hagu," kafin saƙo ya isa an riga an jefa mana. Na kira shi gefe na ce na yafe masa duk wata kunya a cikin fili, ya ce to Baba, ya ƙara sunkuyawa. Alhaji Sahabi ya tura ɗan aike har Shanga wurin innarsa, ko za ta sassauta masa. Amsar da ta dawo gajera ce: "Ɗana shi yi tsalle da cinya waje gaban surukinai? To ba ni na haife shi ba ke nan."

Mai tabarau ya dawo daga Birnin Kebbi ya kalli rabin wasa, ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake kallo. Ya ce zai yi tunani. Dabarata ta ci fiye da yadda na tsara: yanzu babu mai son Surajo, har mu.

Wata ranar kasuwa aka aiko kwamiti na nemana. Na shiga rumfa na tarar da baƙo a zaune, Alhaji Rabi'u, shugaban Dorinar Wara, abokan hamayyarmu na ƙasar Ngaski. A jikin bango kuma an jingine wani tsohon injin jirgin ruwa, fentinsa ya koɗe. Na ce a raina sun sayar da yaron.

"Alhaji, in dai mai lamba tara ne, ban yarda ba. Ku ba ni lokaci."

"Kwantar da hankalinka, shi shina nan," in ji Alhaji Sahabi. "Mun zauna mun duba. Kai da shi, fili ɗaya ba ya ɗaukarku, dole ɗaya shi tashi. Shi ƙwallo yake jefawa, kai ihu kake yi. Masu ihu kuwa muna da su cikin kasuwa." Ya nuna baƙon da haɓa. "Ga Alhaji ya zo da kansa neman ka. Mun gama magana."

Na dubi Alhaji Sahabi, na dubi baƙo, na dubi injin.

"Da wannan?"

"Ƙarfin doki ashirin da biyar ne," in ji Alhaji Rabi'u, kamar wanda aka taɓa wa mutunci. "In ya tashi."

Na zauna a kan buhun gishiri. Na karanta littafin dokoki daga bango zuwa bango, ban ga inda aka ce ana musanya koci ba. Amma kafin in isa gida wani tunani ya fara yi mini daɗi. Surajo da duk tsayinsa 'yan wasa biyu aka taya shi da riguna. Ni inji sukutum. Ashe akwai masu ido a Ngaski. Na gaya wa Ladidi haka.

"Doki nawa ka ce?"

"Ashirin da biyar."

"Allah sarki. Da ni sunka tambaya, da jaki ɗaya mun shirya."

Na hau jirgin kasuwa zuwa Wara da jakata da usur ɗina. Aka tarbe ni kamar hakimi, aka ba ni ɗaki mai kallon ruwa, kullum da kifi sabo. Abu ɗaya ne ya ɗaure mini kai: duk lokacin da na je fili, sai in tarar wani tsohon soja yana horar da yara, ni kuma a kawo mini tabarma a inuwa. In na tashi zan gyara wa yaro tsayuwa, sai a ce Malam ya huta, rana ta yi zafi. Sannan tela ya zo ya auna ni. Bayansa kafinta ya zo, shi ma ya auna ni, daga ƙugu zuwa ƙasa.

Labari kuma yana zuwa daga Yelwa ta bakin 'yan jirgi. Tun ranar da na tafi Surajo ya koma gajeren wando. Ya ci ƙungiyar Shanga shi kaɗai. Wai har rataya yake yi a jikin kwando. Na ce madalla, na juya na kalli ruwa.

Dillalan kifi na Yelwa da Shanga da Ngaski suna da kofin da suke sawa duk shekara, wasan ƙarshe kuma ya faɗo tsakanin Wara da Yelwa, a filin Wara da ke bakin ruwa. Ana gobe wasa na sami Alhaji Rabi'u na ce ya kamata in zauna da yara in ba su tsari, don babu wanda ya san Giwan Ruwa kamar ni.

"Tsari mun gama shi, Malam. Zo ka gani."

Ya kai ni fili. A ƙarƙashin kwando, dab da layi, an kafa wata kujera mai tsayi kamar ta mai wa'azi, har da matakala. A kanta an ninke farar babbar riga mai aiki, da hula, da carbi.

"Nan za ka zauna. In an juya fili, a ɗauke ka a kai wancan kwandon. Ba mu son ka ce komi. In ka ga ya taso, ka ɗan yi gyaran murya."

"Koyarwar fa?"

"Wace koyarwa? Mai koyarwa muna da shi." Ya dafa kafaɗata da ƙauna. "Koci ko'ina akwai, Malam Ladan. Surukin mai lamba tara kuwa duk jihar Kebbi kai ɗaya ne. Ka zaci a banza mutum ke ba da inji?"

Na tsaya ina kallon kujerar. Kafintan ya iya aiki, har wurin ɗora ƙafa ya yi mata, don ya lura ƙafafuna ba za su kai ƙasa ba.

Da hantsi ranar wasa jirgin Yelwa ya iso, da injin nan da aka musanya ni da shi a bayansa yana tari. Ina ɗaki aka yi sallama, sai ga 'yar farina da kwanon tuwo. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce innarta na gaisuwa, ta ce kuma in rage cin kifin mutane. Sai ta kama wasa da bakin mayafi.

"Baba, mutumin Birnin Kebbi ya biyo mu. Ya ce wannan ne ganin ƙarshe. In bai gamsu ba yau, zai cike gurbin da wani."

"To ai shi ke nan. Sai ku zauna Yelwa kusa da innarki."

"An ba ni canji zuwa Birnin Kebbi, Baba. Suna neman malamai. Ni na nema."

"Ke kika nema?"

"Tun kafin biki."

Na ajiye lomar da na ɗauka. Kenan duk ranar da nake gyara zama a rumfar Alhaji ina bayani a kan halin 'yar Yelwa, 'yar Yelwar da ke gidana ta riga ta nemi hanyar mota.

"In bai samu ba fa?"

"Sai in bar canjin, shi kuma ya ci gaba da wasa har ranar da gwiwa za ta gaji ya koma birgi." Ta tattara murfin kwano. "Ni ban ce ka yi komai ba, Baba. Tuwo na kawo maka."

Bayan la'asar na sa babbar riga na hau kujera. Mutanen Wara suka yi tafi kamar an naɗa ni sarauta. 'Yan Yelwa suka fito daga bayan makaranta da gudu, Surajo a gaba, da gajeren wando, yana buga ƙwallo yana dariya. Rabona da ganin haƙoransa tun kafin biki. Ya ɗaga kai ya dubi kwando, ya gan ni a ƙarƙashinsa.

Ƙwallon ta gangara ita kaɗai. Ya ja rigarsa ƙasa yana son rufe gwiwa, riga ta ƙi kai wa. Ya juya da gudu, ya dawo da zanen wata mai tallan gyaɗa ɗaure a ƙugu. Daga can gefe na ji muryar Alhaji Sahabi yana salati. Sai a lokacin ya gane abin da ya sayar.

Aka fara. Ban yi gyaran murya ko sau ɗaya ba, ba a ma bukata. Duk lokacin da Surajo ya doso kwando sai ya rage gudu, ya rusuna, ya miƙa wa wani ƙwallo kamar mai miƙa goro. Wara ta yi ta jefawa. Rabona da zama a gefen da ke cin wasa har na manta, kuma ba zan ɓoye ba, da daɗi. Alhaji Rabi'u yana ta aiko mini da lemo. Tun da na fara aikin nan ba a taɓa girmama ni kamar ranar da aka hana ni yin sa ba.

Sai na hango mai tabarau ya duba agogo, ya fara zuge jakarsa. Bayansa, cikin mata, 'yar farina tana tsaye. Ba fili take kallo ba, ba kuma ni ba. Ƙasa take kallo, kamar mijinta.

Na sauko daga matakala.

"Malam, ina zuwa?" in ji Alhaji Rabi'u.

"Lemonka ya yi yawa, Alhaji. Zan kama ruwa."

"Ga buta nan bayan kujera."

"Gaban surukina?"

Dokar da ya saya da inji ce, ba shi da bakin karya ta.

Na san in na ɓuya a bayan gini yaron ba zai yarda na tafi ba, ya san halina da zana. Don haka na bi ta tsakiyar jama'a a hankali, farar riga tana jan ƙasa, na gangara bakin ruwa inda kowa ke ganina. Na shiga jirgin Yelwa na ce wa mai jirgi ya kai ni tsakiyar ruwa. Ya ja igiyar inji, ya ja, ya ja. Na ce a raina in abin nan ya ƙi tashi yau, to lallai an yi ciniki daidai. Ya yi tari, ya tashi.

Muka yi nisa har mutane suka koma kamar tururuwa, sannan injin ya mutu don kansa. Mai jirgi ya ce dama iyakarsa ke nan. Muka zauna ruwa yana kaɗa mu.

Ihun farko ya iso mu ta kan ruwa. Na san muryar Yelwa, ni na koya musu. Sai na biyu, sai na uku, har suka haɗe suka zama abu ɗaya. Mai jirgi ya miƙe tsaye yana kare ido da hannu.

"Malam, kamar dogon nan ne ya rataya a kwando."

"Da zane ko babu?"

"Babu."

"To zauna kada ka kifar da mu."

Kowane ihu ƙungiyata ake ci, ni kuwa ina zaune cikin rigar mutane ina murmushi kamar wawa. Sai gab da magariba wasu masunta suka ja mu zuwa gaɓa.

Abin da ya biyo baya bai ɗauki lokaci ba. Yelwa ta ɗauki kofi. Mai tabarau ya ɗauki Surajo, ya aiko da 'yan wasa biyu da riguna kamar yadda ya faɗa tun farko, karfasa biyu sosai. Alhaji Rabi'u ya zo Yelwa da mutanensa ya ce an sayar masa da kaya mai tafiya da ƙafarsa, a ba shi injinsa. Aka ba shi. Na zaci tunda an mayar da inji za a mayar da ni, amma Alhaji Sahabi ya ce shi a kasuwa bai taɓa karɓar kayan da aka dawo da su ba, balle wanda ya sa aka rasa giwan ruwa. Wara ta karɓe babbar riga. Kujerar ce kawai suka bar mini, don babu wanda ta yi wa daidai.

Ranar da za su tafi, Surajo ya zo sallama. Ya durƙusa a ƙofar zaure daga waje, ni ina ciki, Ladidi tana tsakani tana kai magana.

"Ya ce ya gode."

"Ce masa ya riƙa lanƙwasa gwiwa kafin ya jefa. Kuma hannunsa na hagu har yanzu na ado ne."

"Ya ce to, Baba."

"Ce masa..." Na nemi abin da zan ƙara. Kalma ɗaya ce a bakina, Gora, ita kuwa ba ta faɗuwa. "Ce masa Allah ya kiyaye hanya."

Na koma koyar da motsa jiki a makaranta. Ƙungiyar jiha takan zo wasa Yelwa wani lokaci, kuma ana gobe sai Ladidi ta sanar da ni, in shirya in tafi Shanga gaida dangi. Ana cewa yaron ya ƙara ƙwarewa, wai har hannun hagun ya fara aiki. Ni dai ban gani ba.